Minti Shida da Aka Yanke

Jan Biro ake ce masa a layin masu gyara, kuma sunan ya bi shi har gida, don ko uwar yaransa in ta so tsokanarsa da shi take kiransa. Shagonsa ne na uku daga bakin titi, a matse tsakanin na tela da na mai niƙa. Faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma in ka leƙa sai ka rantse duk rediyo da fanka da dutsen gugar da suka mutu a garin can ake kai su jiran tashin ƙiyama. Teburin aiki ɗaya ne, da kujera mai ɗingishi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya. A can sama, inda ɗigar ruwa ba ta kaiwa, akwai katako ɗaya da ya jera littattafansa goma sha ɗaya a kai.

Littattafan nan su suka ja masa sunan. Ya koyi aiki ne a hannun wani tsoho mai gyaran rediyo da ba ya faɗin magana sau biyu, in ka sake tambaya harara kawai za ka samu. Shi ya sa tun yana saurayi ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk abin da ya gani ya rubuta: abin da ya lalace, alamar da ya nuna, da hanyar da aka bi aka gano shi. Shuɗin biro ne na rubutu. Ja kuwa na ranar da ya gane ya yi kuskure ne. Ba ya gogewa, ba ya yage shafi. Layi ɗaya yake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ya rubuta daidai a gefe, ya sa kwanan wata. Tela ya sha ce masa, "Kai kaɗai na sani mai jera abin kunyarsa a kanta yana kaɗe masa ƙura." Shi kuma sai ya ce in ya goge, gobe zai manta ya taɓa faɗawa ramin, ya sake komawa.

Akwai shafi ɗaya a littafi na bakwai da babu ko ɗigon shuɗi a cikinsa, duk ja ne, kuma haruffan a karkace suke don da hannun hagu ya rubuta su. Ranar da aka fara kawo masa na'urar ɗumama abinci, wadda tela yake kira akwatin ɗumame, ya yi mata abin da ya saba yi wa kowane kayan wuta. Ya zare filogi, ya kwance murfi, ya kai hannu. Bai ƙara sanin inda yake ba sai da ya farfaɗo a ƙofar shagon tela, fuskoki sun yi masa rumfa. A cikin na'urar akwai wani ɗan gwangwani, kafasita, wanda kan riƙe wuta ko bayan an zare filogi, wutar da ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya tashi da farin tabo daga gindin babban yatsansa na dama har wuyan hannu, da yatsu biyu da ba su ƙara lanƙwashewa sosai ba. A saman shafin ya rubuta TSAYA manya-manya, sannan ya jero abin da ake yi kafin hannu ya shiga: a jira, a sauke wutar gwangwanin da abin da aka tanada mai kaurin roba, a auna da mita, a sake aunawa.

Shekara ashirin ke nan da wannan. A cikinsu ya aurar da 'ya'ya uku, kansa ya yi fari, aiki kuma ya yi ta ja da baya, don mutanen yanzu in abu ya lalace jefarwa suke yi su sayi sabo. Akwai ranakun da daga shi sai ƙudaje a shagon.

Kada a ɗauka shi irin tsofaffin nan ne masu gaba da waya. Da talabijin marasa ƙeya suka shigo, a bidiyo ya koyi yadda ake buɗe su, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan ce akwai abin da rubutu ba zai nuna maka ba ko za a cika littafi, kamar yadda ake karkata ƙarfen dalma, ko irin ƙarfin da za ka sa roba ta ɓalle ba ta karye ba. Sai dai shi kallonsa da biro ne a hannu. Ya tsayar, ya rubuta, ya gwada, sannan ya yarda. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne ana iya zare wani abu daga tsakiyar bidiyo ba a ga gurbinsa ba. A wurinsa bidiyo ido ne, abin da ya faru shi yake nunawa.

Autarsa ce ta kawo shawarar. A shagon ɗaukar hoto take aiki, kuma duk ranar da ta biyo ta layin ta tarar da shi ya yi tagumi sai abin ya tsaya mata a rai.

"Baba, mutane ba su san kana nan ba ne," ta ce. "Bari in ɗauke ka kana aiki in ɗora a intanet, ka ga yadda za a cika maka shago."

"Ni fuskata ba ta shiga waya."

"To hannunka fa? Hannu ai ba ya jin kunya."

Wata Asabar da hantsi ta ɗaure wayarta a wuyan fitila da igiyar roba, ta saita ta a kan teburin yadda hannuwa kawai za a gani. Akwatin ɗumame ne a gabansa ranar, na wata malamar makaranta, fiyus ɗinsa ya ƙone. Ya yi aikin yadda ya saba, yana yi yana bayani. Minti goma sha huɗu aka ɗauka. Daidai lokacin da ya ɗage murfin ya ja hannunsa baya ya fara bayanin gwangwani, mai niƙa ya tayar da injinsa, ƙarar ta cinye muryarsa kaf. Da Auta ta zauna gyara bidiyon, abin da ta gani a wurin shi ne minti shida na teburi, hannuwa a ajiye, sai a taɓa wani abu da wata sanda, a leƙa mita, a sake ajiye hannu, ga ƙarar inji kamar kunne zai tsage. A wurin aikinsu an koya mata cewa inda babu abin da ke faruwa, nan mai kallo yake gudu. Ta yanke wurin, ta haɗa bakin biyu tsaf.

Ta kawo masa ta ce, "Baba, ga shi, ka duba kafin in ɗora."

Nan ne fa. Mutumin da yake karanta shafi sau uku kafin ya rufe littafi, ya karɓi wayar, ya ji muryarsa tana fitowa, kunya ta kama shi. "Wannan muryar wa ce, kamar ta akuya mai mura?" ya ce, ya miƙa mata abarta ko minti ɗaya bai kalla ba. "Ai ni na yi aikin, na san abin da ke ciki."

Kamar wasa bidiyon ya kama gari. Hannuwan suna da kyan kallo, babu gaggawa, babu kame-kame, kowane ƙusa ana ajiye shi a murfin kwalba bi da bi. Mutane suka fara zuwa, amma ba gyara suke kawowa ba, fiyus suke saye su tafi. Bai kawo komai a ransa ba sai bayan sati uku, da wani mai aski ya zo saye yana ta fara'a.

"Ashe abin ba wuya," mai askin ya ce. "Ka zare filogi, ka kwance murfi, ka sa hannu ka ciro, shi ke nan."

"Ka sa hannu? Wutar fa, ba ka sauke ta ba?"

"Wace wuta kuma? Ai an zare filogi."

Jan Biro ya ajiye fiyus ɗin. Ya karɓi wayar mutumin, ya kalli bidiyonsa karo na farko daga farko har ƙarshe. Ga hannuwansa sun ɗage murfi sun ajiye a gefe, kafin ƙiftawar ido ga su a ciki tsundum, yatsu dab da gwangwanin. Babu tsalle, babu alamar ɗinki. Shi kansa da bai san ya jira ba, da ya rantse bai jira ba. Ya zaunar da mai askin a kan benci, ya gyara masa tasa na'urar kyauta washegari, amma wannan mutum ɗaya ne, kuma lambar masu kallo da ke ƙarƙashin bidiyon ta riga ta haura dubu tamanin.

Da yamma ya samu Auta a tsakar gida tana kwashe shanya. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe mata littafi na bakwai, ya nuna mata shafin, ya nuna mata tabon da ta taso tana gani ba ta taɓa tambayar asalinsa ba. Ta zauna a bakin baho da kayan a hannu ta fashe da kuka.

"Wallahi Baba na ɗauka hutawa kake yi."

"Na sani. Ke kin ce in duba, ni ne ban duba ba. Goge shi yanzu."

Ta goge a gabansa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to alhamdu lillahi, an ja wa kuskuren layi. Ita kuwa ta kasa ɗago kai, don ta san abin da bai sani ba. Tuni wasu suka kwafe bidiyon suka ɗora a shafukansu. Ta nemo masa bakwai a zama ɗaya. Wani ya sa kiɗa a kan muryar, wani ya ɗora tasa muryar da wani yare, wani ya ƙara datse shi ya koma minti ɗaya. Wasu ma, in ji ta, juya hoton suke yi kamar a madubi don kada a gane na sata ne.

"To a je a same su mana," ya ce. "Ina shagonsu yake?"

Babu shago. Wannan ita ce maganar da ya fi shan wahalar haɗiyewa. Duk rayuwarsa in ya yi kuskure ya san inda kuskuren yake kwana: littafi kaza, shafi kaza, ko gidan wane mai rediyo, a bi shi a ba shi haƙuri a gyara. Wannan kuwa ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sun yi bakin ƙoƙarinsu, kada a ce ba su yi ba. Auta ta kai ƙara ta hanyar da aka tanada a wayar, amsa ta dawo cewa an duba ba a ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba. Shi ko gardamar wannan bai yi ba, don duk abin da ke cikin bidiyon daidai ne, abin da babu shi ne matsalar, kuma ba a ba da gurbin kai ƙarar abin da babu ba. Ta bi kwafin ɗaya bayan ɗaya tana rubuta gargaɗi a ƙasa, kafin la'asar yabo da addu'o'i sun binne shi. Suka roƙi mai niƙa ya kashe injinsa, suka ɗauki sabon bidiyo, wannan karon har da fuskarsa, yana bayani dalla-dalla, yana jira cikakken jira. Mutum ɗari biyu da 'yan kai suka buɗe shi, kuma wayar ta nuna yawancinsu ba su kai rabin minti ba suka wuce. Tela ya kalla har ƙarshe don zumunci, ya ce, "Abokina, gaskiya dai ka faɗa, amma ni ma sau biyu na yi gyangyaɗi."

Sai wata rana Auta ta zo shagon fuskarta ba walwala. Ta so ta ɓoye, ya ce ta karanta. A ƙarƙashin ɗaya daga kwafin wani ya rubuta layi ɗaya: ƙanena ya bi wannan bidiyon, yanzu yana asibiti. Babu suna, babu gari, hoton mai rubutun ma na wata mota ne. Jan Biro ya sa ta rubuta masa: wane asibiti, yaya jikin nasa, ni ne mai hannun, ina neman gafara. Kullum in ta biyo sai ya tambaye ta ko an amsa. Ba a amsa ba. Bai san ko yaron ya tashi ba, bai san ko gaskiya ne ba, bai ma san ko a ƙasar nan ne ba. Abinci ya daina yi masa daɗi. Uwar yara ta ce masa, "Malam, kai ba ka aiki kowa ya buɗe ba." Ya ce haka ne, amma da hannunsa aka nuna musu hanya.

Abin da ya rage masa ɗaya ne, kuma ƙarami ne. Ya yanka takardu ƙanana ya riƙa kwafe shafin nan da jan biro, duk wanda ya zo sayen fiyus sai ya zaunar da shi ya yi masa bayani ya haɗa masa da takarda. Wasu su saurara, wasu su yi dariya su ce tsoho yana kare kasuwarsa. Magana ta zaga cewa fiyus ɗin Jan Biro da wa'azi ake sayar da shi, masu saye suka koma shagunan gaba.

Bayan kusan shekara, wata ranar Talata da rana ta karkata, wata motar raba kaya ta tsaya a bakin titi ba a kashe ta ba. Direban ya shigo layin da sauri, magidanci ne mai ladabi, ya gaida tela, ya gaida Jan Biro har da rusunawa. Fiyus yake nema na akwatin ɗumame. Matarsa tana sayar da abinci a wata ma'aikata, gobe da safe take buƙatarsa.

"Kawo min shi in sa maka, ba sai ka ba ni komai ba," Jan Biro ya ce.

"Ayya Baba, gidan da nisa, kuma motar ba tawa ba ce. Ni zan sa, na ga yadda ake yi."

"A bidiyo?"

"Ƙwarai. Wani gwani ne, bari ka gani."

Ya ciro waya ya kunna. Kiɗa ne a kai, da wani rubutu mai walƙiya, amma ga teburin nan, ga murfin kwalba, ga ƙusoshi bi da bi. Jan Biro ya miƙe tsaye.

"Ɗana, saurara. Wannan hannuna ne. Ni na yi aikin nan a kan teburin nan. An yanke minti shida a tsakiya, kuma abin da aka yanke shi ne abin da zai hana wuta kashe ka."

Direban ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho don kada a kunyata shi. Jan Biro ya miƙa hannunsa na dama a ƙarƙashin fitila ya ce ya dubi tabon, ya dubi na cikin wayar. Mutumin ya duba da gaske, ya tsayar da bidiyon, ya kusanto da shi. Sannan ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri, shi wannan a hagu nasa yake. Naka a dama."

Kwafin da aka juya ne. Jan Biro ya buɗe baki zai yi bayanin madubi, ya ji yadda maganar za ta fito, ya ga idon mutumin ya riga ya koma kan motar. Ya waiga neman tela ya yi masa shaida, tela ya zaga baya. Ya laluba aljihun tebur, takardun da ya kwafa sun ƙare.

"To ba zan sayar maka ba," ya ce.

"Ba komai Baba, zan duba gaba."

"Tsaya."

Ya taka kujera mai ɗingishi ya sauko da littafi na bakwai. Shekara arba'in bai taɓa yage shafi ba. Ya kama wannan daga sama ya yage shi, ya ji ƙarar kamar a jikinsa, ya miƙa. "Karanta wannan kafin ka taɓa komai. Don Allah. Ko layin farko ne."

Direban ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi tsohuwar takardar da karkatattun haruffanta, ya dubi gurbin da ta bari a littafin, ya ce, "Na gode Baba, Allah ya ƙara girma." Ya fita. Jan Biro ya ji ya tsaya a wani shagon gyara a gaba, ya ji an yi ciniki, ya ji motar ta tashi.

Sai da ya fito zai shigar da benci ya ga takardar. An ninke ta biyu da kyau, an ajiye a kan bencin, an ɗora mata ɗan dutse don kada iska ta ɗauke. Mutumin kirki ne, bai ga dacewar ya tafi da abin da tsoho yake ji da shi haka ba. Jan Biro ya ɗauka ya fita har bakin titi, ya dubi gabas ya dubi yamma. Motoci ne kawai, kuma bai tambayi sunansa ba, bai tambayi unguwarsu ba.

Ya dawo ya zauna. Ya ciro wayarsa ya nemo kwafin bidiyon, ya ja shi har daidai inda murfi ya sauka a gefe, ya tsayar. Ya cire marfin jan biro ya ja layi a kan gilashin wayar daga wannan gefe zuwa wancan. Tawadar ba ta kama ba. Gefen yatsansa ya taɓa gilashin, bidiyon ya ci gaba, hannuwan suka shiga ciki.